Bai ƙware a bugu ba, bai ƙware a jifa ba: me ya kai shi tawagar ƙasa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Indiya, shekarata ta biyu ke nan, kuma abokan ɗakina sun sa na kamu da kallon kurket. Abin da ya ɗaure min kai shi ne 'yan wasan da ake kira olrawunda. An ce min su ne masu bugu kuma masu jifa. To amma da na duba alƙalumansu sai na ga wasu a bugu ba su kai masu bugu ba, a jifa ba su kai masu jifa ba, kuma ga su a tawagar ƙasa shekara da shekaru. Ƙasashen sun rasa ƙwararru ne? Sanayya ce? Ko akwai abin da ban gane ba?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Idonka ya gane maka daidai, kuma tambayar nan da ka yi ta girme ka, don tun kafin a haife ka masu sharhi da masu zaɓen 'yan wasa ke ta-da jijiyar wuya a kanta. Idan na fahimce ka, cewa kake yi: gurbi goma sha ɗaya ne kacal a tawaga, me zai sa a ba da ɗaya ga mutumin da in bugu kaɗai za a duba ba zai shiga ba, in jifa kaɗai za a duba ma ba zai shiga ba? Turawan Ingila suna da sunan raini da suke kiran irin wannan ɗan wasa, wanda ma'anarsa a Hausa ita ce ɗan tsince-tsince, wato ya taɓa nan ya taɓa can. Da wannan sunan zan riƙa kiransa, duk da cewa za ka ga ban yarda da rainin da ke cikinsa gaba ɗaya ba.

Ma'aunin da aka saba aunawa da shi

Mu fara da alƙaluman da ka duba. Matsakaicin bugu shi ne jimillar makin da mutum ya ci, a raba da sau nawa aka fitar da shi. Matsakaicin jifa kuma makin da aka ci a kansa ne, a raba da yawan mutanen da ya fitar. Na farko ana son ya yi sama, na biyu ana son ya yi ƙasa. Tsohuwar ƙa'ida ta ce olrawunda na gaskiya shi ne wanda na bugunsa ya haura na jifansa. Garfield Sobers na Wes Indis yana da 57 a bugu, 34 a jifa. Jacques Kallis na Afirka ta Kudu 55 da 32. Imran Khan na Pakistan 37 da 22. Ian Botham na Ingila 33 da 28. Kapil Dev na Indiya 31 da 29. Waɗannan duk a wasan Tes ne, mai kwana biyar. Irinsu ba a samun su kowace shekara, kuma akwai ƙasar da za ta yi shekara ashirin ba ta ga ko ɗaya ba. Bahaushe ya ce ba a tauna taura biyu, kuma a kurket maganar ta zauna daram: mai jifa da gudu bayansa da gwiwarsa ne ke biya, mai bugu kuma sai ya tsaya awa huɗu ko biyar hankalinsa bai gusa ba. Jiki ɗaya ya ɗauki biyun a matakin ƙasa da ƙasa, baiwa ce daga Allah.

Sai dai ma'aunin yana da ɓaraka. Andrew Flintoff ya gama wasan Tes da kusan 32 a bugu, kusan 33 a jifa, wato a ƙa'idar nan ya faɗi. Amma duk wanda ya kalli karawar Ingila da Ostireliya ta 2005, inda ya ci maki 402 ya fitar da mutum 24 a wasa biyar, ba zai buɗe baki ya kira shi ɗan tsince-tsince ba. Saboda haka alƙalami mafari ne kawai, ba shi ne hukunci ba.

Lissafin da ya haifi gurbin

Ga abin da nake ganin ya ɓoye maka, kuma shi ne gishirin maganar. A wasan yini ɗaya kowane ɓangare yana jefa oba 50, kowace oba jifa shida, kuma doka ta hana mutum ɗaya ya wuce oba 10. Dole ke nan a sami masu jifa aƙalla biyar. Ɗauki alƙalami ka lissafa. Mai safar hannu da ke tsaye bayan sanduna ya ci gurbi ɗaya, saura goma. In ka sa ƙwararrun masu bugu shida da ƙwararrun masu jifa huɗu, tawaga ta cika, amma oba goma ba mai jefa su. In ka sa masu bugu biyar da masu jifa biyar, jifa ya cika, amma a jerin masu shiga bugu daga lamba ta bakwai zuwa ƙasa ba wanda za a dogara da shi da sanda a hannu, kuma ranar da aka fitar maka da mutum uku da wuri, ka shiga uku. A T20 ma haka abin yake: oba 20, kowa huɗu, mutum biyar.

Wannan ramin na lamba bakwai shi ake neman cikewa. Mai Kapil Dev ya huta. Wanda ba shi da shi kuwa, kuma su ne mafi yawa, sai ya nemi mutumin da zai jefa oba bakwai ko takwas ba a yi masa kaca-kaca ba, ya kuma ci maki ashirin da biyar ko talatin a ƙarshen bugu. Don haka in ka gwada shi da gwanin bugu na ƙasar ko gwanin jifanta, ka gwada shi da wanda ba kishiyarsa ba. Abokin takararsa shi ne mai bugu na shida ko mai jifa na biyar, kuma tambayar ita ce wanne daga cikinsu zai bar tawaga da ƙaramin rami. Da babu gara ba daɗi.

Akwai kuma aiki na uku da ba ya fitowa a alƙaluman da ka duba, wato tsaron fili. Yawancin irin waɗannan 'yan wasa da suka daɗe a tawaga, za ka tarar gwanaye ne wajen tare ƙwallo, cafe ta, da jifan sanduna. Mutumin da ya hana maki goma a fili daidai yake da wanda ya ci goma da sanda, sai dai ba a rubuta masa.

Inda suka ciwo kofi

Tunda a Indiya kake, ka tambayi iyayen abokanka labarin 1983. Indiya ta je Ingila gasar cin kofin duniya ba wanda ya sa ta a lissafi, ga Wes Indis da ta ɗauki kofin a 1975 da 1979. Olrawunda na gaske ɗaya ne a tawagar, kyaftin Kapil Dev. Amma wanda ya fi kowa fitar da mutane a gasar gaba ɗaya Roger Binny ne, mutum 18, sai Madan Lal da 17. Duba tarihinsu a Tes: Binny wajen 23 a bugu da 32 a jifa, Madan Lal wajen 22 da 40. 'Yan tsince-tsince ne sak a ma'aunin da ka yi amfani da shi. Me ya sa suka zama dodanni a wannan watan na Yuni? Yanayin Ingila. Ga gajimare, ga danshi, ga ciyawa a kan zirin da ake jifa, sai ƙwallo ta riƙa karkata a iska tana kuma kaucewa in ta daki ƙasa. A irin wannan wuri, mai matsakaicin gudu da ya iya sa ƙwallo wuri ɗaya sau shida a jere ya fi mai ƙarfi da ke watsa ta ko'ina.

Wasan kusa da na ƙarshe da suka yi da Ingila a Manchesta ya fi burge ni. A lokacin oba 60 ake yi, kowa 12. Mohinder Amarnath, wanda asalinsa mai bugu ne da ke ɗan jifa a hankali, da Kirti Azad, wanda wasan Tes bakwai kacal ya yi a rayuwarsa, su biyu suka jefa oba 24 aka ci musu maki 55 kawai, kuma Azad ne ya fitar da Botham. Ranar ƙarshe a filin Lord's, 25 ga Yuni, Indiya ta ci 183, makin da kowa ya ɗauka Wes Indis za ta share kafin la'asar. Madan Lal ya jefa wa Viv Richards, gwanin bugun Wes Indis, shi kuma ya ɗaga ta sama, Kapil ya bi ta da gudu da baya ya cafe, aka fitar da shi. Amarnath ya fitar da mutum uku a kan maki 12. Wes Indis ta ƙare a 140. Ka cire waɗannan mutanen da ake rainawa, babu kofin, kuma wataƙila babu wannan haukan kurket ɗin da ya kama ka a ɗakin kwanan ɗalibai.

Niyu Zilan ta yi irin haka a 1992, amma ita da gangan ta yi. Kyaftin Martin Crowe ya san filayen ƙasarsu ba su da gudu, ƙwallo na maƙalewa in ta sauka. Sai ya buɗe jifa da mai murza ƙwallo, wato mai jifa a hankali yana sa ta juyawa, Dipak Patel, abin da ba a saba gani ba, sannan ya cika tsakiyar wasa da Gavin Larsen da Chris Harris da Rod Latham, masu jifa a sanyaye. In ka ga Harris yana jifa, hannayensa na juyawa kamar fanka, ƙwallo na tafiya kamar ba za ta isa ba, sai ka ce kai ma za ka iya dukanta. Manyan masu bugu na duniya ma haka suka zata, suka yi ta kai sanda kafin ƙwallo ta iso. Niyu Zilan ta ci wasa bakwai a jere, Harris ya fitar da mutum 16 a gasar. Shi wannan Harris ɗin ya buga wasan yini ɗaya 250, ya ci maki sama da 4,000, ya fitar da mutum sama da 200. A Tes kuwa matsakaicin bugunsa wajen 20 ne, na jifansa ya haura 70. Mutum ɗaya, fuska biyu. Abin da ya sa shi ne, a wasan yini ɗaya dole mai bugu ya nemi maki da sauri, don haka shi zai kawo kansa ga kuskure. A Tes ba abin da ke korarsa, zai tsaya ya jira, kuma in jifanka ba shi da dafin da zai fitar da mai haƙuri, sai ka yini kana jifa a banza.

Amma kada in ɓoye maka yadda labarin ya ƙare. A wasan kusa da na ƙarshe a Okland, Niyu Zilan ta ci 262, Crowe ya ji ciwo a cinya bai fito jagorantar fili ba, sai wani saurayi ɗan Pakistan, Inzamam-ul-Haq, ya ci 60 a ƙwallo 37. Harris ya sha maki 72 a obarsa goma. Ranar da gwani na gaske ya gano lagon mai jifa a sanyaye, ba shi da wani makami na biyu da zai zaro.

Inda abin ya zama ciwo

Ingila ce babban misali. Bayan da ƙarfin Botham ya fara ja baya a tsakiyar shekarun 1980, sai masu zaɓe da 'yan jarida suka shiga neman magajinsa ido rufe. Duk saurayin da ya iya riƙe sanda ya kuma iya jifa sai a ɗora masa rawanin. Derek Pringle ya yi Tes 30, bugunsa 15, jifansa kusan 36. David Capel ya yi 15, bugunsa 15, jifansa 50. Aka bi ta kan Chris Lewis, da Craig White, da Ronnie Irani, da Mark Ealham, da 'yan'uwan nan biyu Adam da Ben Hollioake. Ni tausayin mutanen nan nake ji, don ba ragwaye ba ne. Pringle ya jefa oba goma a wasan ƙarshe na kofin duniya na 1992 a Melbon, aka ci masa 22 kawai, ya fitar da mutum uku. Da an bar shi a matsayinsa na mai jifa mai tsare gida a wasan yini ɗaya, da ba wanda zai zage shi. Laifin na waɗanda suka ɗinka masa rigar Botham ne, suka sa shi bugu a gurbin da ya fi ƙarfinsa, sannan suka dawo suna cewa ya gaza.

A Disambar 1997 Ingila ta je Sharja, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da tawaga cike da irinsu, Adam Hollioake na jagora, ga Ealham, ga Matthew Fleming, ga Dougie Brown, kuma suka ɗauki kofin a gaban Indiya da Pakistan da Wes Indis. Wannan nasarar ce ta ruɗe su. Suka ɗauka sun gano sirri, alhali filin Sharja ne ya dace da salon. Shekara ɗaya da rabi bayan haka, a kofin duniya na 1999 da aka yi a gidansu, ko zagayen farko ba su tsallake ba. Afirka ta Kudu ta fitar da su duka a kan maki 103. Jifansu bai yi muni ba a gasar, bugun ne ya ruguje, don mutum uku masu cin ashirin-ashirin ba sa maye gurbin mutum ɗaya da zai tsaya ya ci ɗari.

A nan nake raba gari da masu kare 'yan tsince-tsince ido rufe. Ɗaya a tawaga, ko biyu, shi ne ke haɗa kan sauran. Huɗu kuwa alama ce ta masu zaɓe da ke tsoron yanke shawara. Sun kasa cewa wane ne mai bugunmu na biyar, wane ne mai jifanmu na huɗu, sai su raba ƙafa, su ɗauko masu rabi-rabi su ce tawaga ta yi zurfi. Rabi da rabi a kurket ba sa zama ɗaya.

Na ga wannan da idona a ɗan ƙaramin matakin da nake aiki, wato horar da yaran sakandare a kan zirin siminti da muke shimfiɗa wa tabarma. Wata shekara na sami yara huɗu masu ɗan bugu da ɗan jifa, na zuba su duka, na ajiye wani dogon yaro da bai iya riƙe sanda ba sam amma jifansa na da gudu. A takarda na ga ina da masu bugu har lamba tara da masu jifa bakwai. Muka haɗu da makarantar da ke da yaro ɗaya gwani. Da ya zauna da gindinsa a bugu, na miƙa ƙwallo ga wannan, na miƙa ga wancan, kowa jifansa iri ɗaya, gudu ɗaya, ba mai ba shi tsoro. Ina tsaye a bakin fili cikin hazon hunturu ina kallon dogon yaron nan zaune a benci yana murza tsohuwar ƙwallo a tafinsa, na san shi kaɗai ne zai iya fitar da wancan, kuma ni na zaunar da shi. Tun daga ranar, kafin in sa yaro a tawaga sai na amsa wa kaina tambaya ɗaya: wane aiki takamaimai zan ba shi lokacin da wasa ya yi zafi?

Sunan ma ba kullum yake dacewa ba

Abokanka ba za su rasa ba ka labarin Ravindra Jadeja ba. Ana tsakiyar kofin duniya na 2019, mai sharhi Sanjay Manjrekar, wanda shi ma tsohon ɗan wasan Indiya ne, ya ce ba ya sha'awar 'yan tsince-tsince, kuma a wasan oba 50 Jadeja ɗaya ne daga cikinsu, ya fi son a sa cikakken mai bugu ko cikakken mai murza ƙwallo. Jadeja ya mayar masa da martani mai zafi a Twitter, har ya tuna masa cewa ya ninka shi yawan wasanni. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yi wasan kusa da na ƙarshe da Niyu Zilan a Manchesta. Jadeja ya jefa oba goma aka ci masa 34, ya fitar da mutum ɗaya. Ya ɗauki ƙwallo daga nesa ya daki sanduna kai tsaye ya fitar da Ross Taylor, ƙwallo ta gaba ya cafe wadda Tom Latham ya buga, ya fitar da shi. Da Indiya ta zo bugu aka fitar mata da mutum shida a kan maki 92, sai ya shigo ya ci 77 a ƙwallo 59. Indiya ta faɗi da tazarar maki 18, amma shi ne ya sa wasan ya kai ƙarshe da rai, kuma Manjrekar ya fito ya amince cewa an ba shi amsa. A 2024 Jadeja ya cika mutum 300 da ya fitar a Tes, ga maki sama da 3,000. Shi tun asali yana da sana'a ɗaya da ta isa ta shigar da shi tawaga, sauran ƙari ne.

Wanda sunan ya fi kusa da shi a waccan tawagar shi ne Vijay Shankar, da aka ɗauka aka bar Ambati Rayudu. Shugaban masu zaɓe, MSK Prasad, ya ce Shankar na da fuska uku, bugu da jifa da tsaron fili, Rayudu kuma ya yi masa gugar zana cewa ya sayi tabaron kallon fim mai fuska uku don kallon gasar. Matsalar ita ce gurbin da ake neman cikewa na lamba huɗu ne, gurbin cikakken mai bugu, kuma rashin tsayayye a wannan gurbi na cikin abin da ya kayar da Indiya ranar da manyanta uku na sama suka fita da maki ɗai-ɗai. Ka ga bambancin: a lamba bakwai ɗan tsince-tsince magani ne, a lamba huɗu ciwo ne.

Moeen Ali na Ingila kuma wani darasin ne. A Tes 68 ya ci maki sama da 3,000 a matsakaicin 28, ya fitar da mutum 204 a matsakaicin 37. A ma'auni ya faɗi. Amma mutumin nan ya taso ne a matsayin mai bugu, ƙasarsa ta rasa mai murza ƙwallo bayan Graeme Swann ya yi ritaya, sai aka ce ya zama shi. Ya yi bugu a kowane gurbi daga lamba ɗaya har tara, duk inda aka sami rami nan ake tura shi, bai taɓa ƙi ba. Alƙalumansa hoton buƙatar tawagarsa ne fiye da hoton iyawarsa. Haka Daren Sammy na Wes Indis, mai 21 a bugu da 35 a jifa a Tes, wanda aka yi ta cewa kyaftin ne kawai ya sa yake samun gurbi. Shi ya jagorance su suka ɗauki kofin duniya na T20 a 2012 da 2016. Haɗa kan 'yan wasa daga tsibirai daban-daban, ga rigimar albashi da hukumarsu, aiki ne da ba shi da layi a takardar maki.

Ka tambayi sanayya. Ba zan ce babu ita a duniya ba, mutane ne ke zaɓe. An yi ta faɗin haka a kan Stuart Binny, don mahaifinsa Roger yana cikin masu zaɓen Indiya a lokacin. Amma shi ne kuma ya fitar da mutum shida a kan maki huɗu a karawa da Bangaladash a 2014. Abin da na fi yarda da shi shi ne, Indiya ta daɗe tana ƙishirwar mai jifa da gudu da ya iya bugu tun bayan Kapil, kuma mai ƙishirwa ba ya tsayawa zaɓen kofi.

Yadda zamani ke matse su

Irin su Harris da Larsen da wuya su rayu a wasan yini ɗaya na yau. Daga 2011 zuwa 2025 an yi ta amfani da sabbin ƙwallaye biyu har ƙarshen bugu, ɗaya daga kowane gefe, don haka ƙwallo ba ta sami damar tsufa ta yi laushi yadda mai jifa a sanyaye ke so ba. Daga oba ta 11 zuwa ta 40 masu tsaron fili huɗu kaɗai aka yarda su tsaya a wajen da'irar da aka zana a cikin fili. Sandunan bugu sun yi kauri, masu bugu sun koyi duka ta kowace kusurwa. Ingila ta ci 481 a kan Ostireliya a 2018, ta ci 498 a kan Holan a 2022. A irin wannan kasuwa, wanda ba ya iya fitar da mutum sai dai tsare gida, gidan ma ba zai tsaru ba.

T20 ta buɗe musu wata ƙofar, amma da sharaɗi. A can ba a neman ka iya komai da komai, ana neman ka iya ƙaramin abu ɗaya sosai: ka jefa oba biyu ga mai bugu da hagu, ko ka shigo saura ƙwallo goma ka ci ashirin. Wato ɗan tsince-tsince na yau ƙwararre ne a ɗan guntun aiki. Sai kuma gasar IPL, ta ƙungiyoyin T20 a Indiya, ta zo a 2023 da dokar da ta ba tawaga damar sauya ɗan wasa ɗaya ana tsakiyar wasa, a cire mai bugu a sa mai jifa. Ka koma kan lissafin da muka yi a sama, za ka ga dokar ta cike ramin lamba bakwai ba tare da olrawunda ba. Rohit Sharma, kyaftin ɗin Indiya a lokacin, ya fito a 2024 ya ce ba ya son dokar, don tana hana irin su Shivam Dube da Washington Sundar samun damar jifa. Ina tare da shi. A wasannin ƙasa da ƙasa babu wannan doka, mutum goma sha ɗaya ne har gobe, kuma ƙasar da ta daina renon masu aikin biyu a gida za ta neme su ranar kofin duniya ta rasa.

Ni dai aikina a kan yara ne, manyan wasannin nan a talabijin na kalle su kamar kowa. Kyaftin da koci suna ganin abubuwa a wajen atisaye da ɗakin sauya kaya da mai kallo ba ya gani: wa ke ɗauke da ciwo, wa ke kwantar da hankalin sauran, wa ke karɓar ƙwallo da hannu biyu in aka miƙa masa a oba ta ƙarshe. Don haka ka ɗauki hukuncina a kan kowane mutum ɗaya a matsayin na mai kallo daga waje.

A wasa na gaba da za ku kalla da abokanka, ka ajiye matsakaici gefe, ka sa ido a kan lamba shida da bakwai. Ka ƙirga mutum nawa ne irinsa a tawagar. Ka duba ko kyaftin yana ba shi ƙwallo lokacin da masu bugu biyu suka zauna daram, ko kuwa sai wasa ya riga ya mutu. Ka duba inda ake tsayar da shi a fili, ko a wurin da ƙwallo ke yawan zuwa da zafi ne ko can gefe inda ake ɓoye mai rauni. In ka ga an yi wasa uku a jere bai jefa fiye da oba biyu ba, kuma bugunsa na zuwa ne bayan na mai safar hannu, to kyaftin ɗinsa ma bai yarda da shi ba, kuma kana da hujjar da za ka tsaya a kai in gardama ta tashi a ɗaki.